TAKALMIN GUDUN TALAKA: suna muke saye ko lafiyar ƙafa?



Yau mun ajiye maganar tsadar hatsi da ta wutar lantarki gefe guda. Maganar takalmi muka kawo, basket ɗin gudu. Mun san wani zai ce, a wanga hali da ake ciki wa ke da lokacin takalmi? A yi mana haƙuri a karanta har ƙasa, domin takalmin da za mu ba ku labarinsa ya cinye adashen wata uwa, ya kuma jawo wa ɗanta asarar shekara guda.

Duk mai fita sallar asuba ya san garuruwanmu sun canza. Ana sallamewa, tun gari bai gama wayewa ba, sai ka ga samari ayari-ayari a bakin kwalta suna futin. A Yamai suna zagaya estad Seyni Kountché, a Maraɗi suna miƙa hanyar Ɗan Isa, a Damagaram hanyar Mirriya, kowane gari da tasa hanyar. Mafi yawansu konkur suke shirya wa: soja, jandarma, gardi, ɗan sanda, duwan. Akwai ƴan lakwal maza da mata da ke jiran gwajin EPS na BEPC da BAC. Sai kuma iyayenmu da likita ya ce wa tansiyo ya hau ko suga ya yi yawa, dole a motsa jiki. Cikin samarin nan akwai mai yin kilomita 10 kowace safiya, akwai mai yin 15. To ka sunkuyar da kai ka dubi ƙafafunsu. Wannan da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a kan kwalta, wancan da takalmin roba, wani kuma da basket mai sheƙi, babban suna a gefe, yana ɗingishi.

Mai ɗingishin nan shi ya sa muka yi wannan rubutu.

Akwai wani ƙanenmu, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu. Ba za mu kama sunansa ba, don yana karanta shafin nan. Wata 4 ya yi yana shirin konkur, kullum asuba yana kan hanya da wani tsohon basket da ya gada wajen yayansa, wanda aka ɗinke wa baki har sau biyu. Da shi yake gudunsa lafiya lau, a rukuninsu ba mai kamo shi. Saura kwana 5 gwaji sai abokai a fada suka fara yi masa dariya, wai da wannan tsumman zai tsaya gaban manyan sojoji? Ya koma gida ya takura wa uwar. Ita mai tuyar ƙosai ce, kuma kwasar adashenta ta zo daidai lokacin, sai ta ƙirga jikka 18 ta ba shi. Ya shiga kasuwa ya sayo wani fari mai ratsin ja, ɗauke da tambarin wani babban kamfani na duniya, mai shagon na rantse masa cewa orijinal ne daga Dubai. Lamba 42 ya ɗauka, don ita yake sawa a takalmin salla. Ya ji ya ɗan matse, aka ce masa zai buɗe. Ko sau ɗaya bai taka shi ba, ya ɓoye shi cikin kwali kada ya yi dauɗa, sai ranar gwaji.

Ranar da aka yi gudun, tun bai yi nisa ba ya ji dunduniyarsa na zafi kamar an ɗora mata garwashi. Ya daure ya kai ƙarshe, amma waɗanda yake bari a baya kowace safiya duk sun wuce shi. Da ya cire takalmin, safa ta jiƙe da jini, bororo biyu sun fashe, farcen babban yatsa ya yi baƙi, bayan sati uku ya fita. Da aka liƙa sunaye, nasa babu.

Haushi ya sa muka ɗauki takalmin muka kai wa wani dattijo mai ɗinkin takalmi da ke zama gindin dogon yaro a unguwarmu. Muka ce, Baba, a tsaga mana shi mu ga cikinsa. Ya dube mu ya ce, "Ɗana, sabon takalmi za a yanka?" Muka ce a yanka. Ya sa wuƙa. Ƙasan nan da ke da kauri kamar katifa daga waje, ciki rami-rami ne kamar saƙar zuma. Roba ce mai tauri aka yi wa ɗakuna, aka shimfiɗa kwali a kai, aka manna ɗan siririn yadi. Soso ko na magani babu. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Wanga ai na zuwa biki ne. In ka yi gudu da shi ƙafarka ce ka aiki, shi ko shina hutawa."

Tun ranar muka zauna muka bincika, kuma ga inda muka tsaya: talaka na iya samun takalmin dogon gudu mai kyau da kuɗi kaɗan. Abin da ke cutar da mu shi ne ƴan kuɗin da muke da su wajen sayen suna muke kai su.

Takalmin gudu kashi uku ne. Akwai sama, yadi ko raga da ke riƙe ƙafa, yana barin iska ta shiga. Akwai can ƙasa, robar da ke taka hanya, ita ke hana santsi da saurin cinyewa. Sai na tsakiya, wani irin soso da ake kira EVA, wanda shi ne ran takalmin. Duk takun da mai gudu ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafarsa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, kuma a gudun kilomita 10 zai buga ƙafa da ƙasa wajen sau 8,000 zuwa 10,000. Soson nan ne ke shanye wani ɓangare na bugun kafin ya hau ƙwauri da gwiwa. Masu yin jabu sun san mai saye sama yake kallo, don haka a nan suke zuba ƙoƙarinsu: launi, tambari, kwali, har da ƴar takardar da ke lilo a jikin igiya. Tsakiyar da ba a gani, a nan suke cin ribarsu.

Su kansu na gaskiyan da ake kwaikwaya, waɗanda muke gani a TikTok muna haɗiyar yawu, ba don mu aka ƙera su ba. A 2017 kamfanin Nike ya fitar da Vaporfly, mai farantin kabon a cikin soso, a kan dala 250. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Gwajin da aka yi a jami'ar Kolorado ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Da wani samfurin da ya biyo bayansa Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2, a birnin Biyana na Ostiriya a watan Oktoban 2019. Abin ya yi yawa har hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tsere kan titi kada ya wuce milimita 40. A 2023 Tigst Assefa ƴar Habasha ta kafa tarihin duniya na mata a birnin Balin na Jamus, da awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, sanye da wani Adidas na dalar Amurka 500, wanda kamfanin da kansa ya ce don tsere ɗaya aka yi shi. Wajen jikka 300 ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu jikka 42 ne, wato gumin wata bakwai a takalmin da ba ya kai tsere biyu. In wani ya miƙo maka mai kama da shi a jikka 15 yana cewa orijinal ne, ai kai ma ka san sakiyar da ba ruwa za a yi maka.

Waɗannan mutane daƙiƙoƙi suke farauta, kuma kamfanoni ke ba su takalman. Kai da ke neman ka kai layi cikin lokacin da aka yanka ba tare da ƙafa ta fashe ba, ko ke da ke neman maki a EPS, buƙatarku daban ce.

Ko a ƙasashen masu kuɗin an bincika an ga tsada ba ita ke kare ƙafa ba. A 2007 masu bincike a jami'ar Dundee ta Sikotilan sun ɗauki takalman gudu na kamfanoni uku, kowanne da mai araha da matsakaici da mai tsada, suka sa maza 43 suka taka su da na'urar auna matsin tafin ƙafa a ciki. Aka ga masu arahar sun shanye bugu daidai da masu tsadar, wani wurin ma sun fi su, kuma wajen jin daɗin ƙafa masu sawar ba su ji bambancin da ke bin farashi ba. Amma a lura da kyau: duka takalman na gaskiya ne, har mai arahar da sosonsa. Mai araha daban, jabu daban.

Duk lokacin da muka taɓo maganar nan a shirinmu na wasanni, sai wani ya bugo waya ya ce, ai Abebe Bikila ba takalmi ya ci zinariya. Gaskiya ne. Ran 10 ga Satumban 1960 a birnin Rum, wannan sojan Habasha, ɗaya daga cikin masu tsaron sarki Haile Selassie, ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik da ƙafa tsirara, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinariya a Olamfik. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin cire takalmin: sabon da ya samu a Rum bai yi masa daidai ba, ya yi masa bororo, sai ya ajiye shi ya koma ga abin da ƙafarsa ta saba. Bayan shekara 4 a Tokiyo da takalmi ya gudu, ya sake cin zinariya, ya kuma rage lokacinsa da minti uku. Mu abin da muka ɗauka a labarinsa shi ne bai yarda ya shiga tsere da sabon takalmin da ke cizonsa ba. Da ƙanenmu ya yi irin nasa, ya koma ga tsumman da ake yi wa dariya, wataƙila da yanzu yana sanye da kaki.

Haka ma masu cewa Fulani makiyaya na cin dajin Allah da takalmin taya. Ƙwarai kuwa, amma tafiya suke yi a kan rairayi, da ƙafar da ta saba tun yarinta. Ɗan birni da ya tashi cikin takalmi, in ya ce zai yi kilomita 15 a kan kwalta da takalmin taya, ƙwaurinsa ne zai ba shi amsa.

To yaya za a yi a kasuwa? A je da yamma, bayan an wuni ana zirga-zirga, domin ƙafa tana ɗan kumbura da yini da zafi, a cikin dogon gudu kuma ta fi haka kumbura. A tafi da safar da za a yi gudu da ita. A sa ƙafa biyu, a ɗaure igiya, a miƙe tsaye. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi a sami wuri kamar faɗin babban yatsan hannu, wanda sau da yawa yana nufin ƙarin lamba ɗaya a kan ta takalmin salla. Dunduniya kuma ta zauna daram, kada ta riƙa zamewa in ka ɗaga ƙafa. Kada ka ji kunyar mai shago, ka taka, ka yi tsalle, ka ɗan ruga daga nan zuwa can. In ya hana ka gwadawa, ka yi gaba. Kalmar "zai buɗe" ta fi kowace cutar da samarinmu. Takalmin fata ke buɗewa. Raga da roba ba sa ƙara tsawo, farcenka ne zai biya.

Bayan girma sai soso. Ka ciro shimfiɗar ciki ka dubi abin da ke ƙarƙashinta, ka danna da babban yatsa. In ka ji kwali, ko yatsa na faɗawa ramuka, ka mayar masa da kayansa. Soso mai rai in ka danna shi yana ɗan nutsewa ya dawo. Ka kama takalmin gaba da baya ka lanƙwasa: ya kamata ya lanƙwasu a gaba, daidai inda yatsu ke lanƙwasa. Wanda ke ninkewa a tsakiya kamar gurasa, ko wanda ya ƙi motsi kamar katako, duka a bar su. Ka matsa bayan dunduniya, ya zama yana da ɗan ƙarfi. Ka cusa hannu ciki ka shafa, duk ɗinkin da ya kartar maka yatsa a shago, shi ne bororon da zai fito a kilomita na shida. Ka auna nauyinsa a tafin hannu. Takalmin gudu na yau da kullum bai cika wuce giram 300 ba a ƙafa ɗaya, kuma masana sun daɗe da auna cewa kowane ƙarin giram 100 na ƙara wa mai gudu wahalar kusan kashi 1 cikin 100. Waɗannan manyan basket ɗin ado masu nauyin bulo, a bar wa masu ɗaukar hoto.

Yanzu mu zo ga bosho, don a nan mafi yawanmu za mu ƙare, kuma babu abin kunya a ciki. A ganinmu takalmin bosho na kamfanin gaskiya, mai sauran rai, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. A cikin dila ana samun Asics, Mizuno, Brooks, Saucony, New Balance, sunayen da samarinmu ba su sani ba, suna tsallake su suna neman tambarin da suka gani a ƙafar mawaƙa, alhali waɗannan kamfanoni sun yi suna ne a kan gudu. Rashin saninsu ma alheri ne ga mai wayo, don ba a cika tsawwala musu kuɗi ba. Gaskiya tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, bosho ma ya ƙara kuɗi. Duk da haka wanda ya yi sammako ranar da aka fasa dila, ya kuma iya ciniki, ba ya rasa nasa.

Sai dai bosho na da tarkonsa. Soson takalmin gudu yana mutuwa, galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma Baturen da ya yar da shi bai rubuto maka nawa ya ci ba. Sama na iya zama fes, ciki ya mutu. Don haka ka ajiye shi a kan tebur ko daɓe mai daidai, ka tsuguna ka kalle shi ta baya. In ya karkata gefe guda, tafiyar wani ce ta zauna a jikinsa, zai karkatar da taka. Ka dubi gefen soson: in ya yi tamoji-tamoji masu zurfi kamar fuskar tsoho, ya gama aiki. Ka juya ƙasa, in robar ta cinye har soso ya bayyana, a bar shi. Ka ɗan ja ƙasan da hannu ka ga ko mannin na sakewa, don wanda ya daɗe a ajiye yakan rabu biyu a gudun farko. Kamfanoni da yawa na buga shekarar ƙira a ƴar takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmi, a duba. A kuma duba lambar ƙafa biyun, don a cikin dila akan haɗa 42 da 43 a ɗaure da igiya ɗaya, mun gani da idonmu. In an saya a wanke shi sosai da sabulu a shanya a inuwa kafin a sa, saboda ciwon tsakanin yatsu.

Ga mai son sabo, akwai kamfanonin gaskiya masu araha. Mu daina cewa duk ɗan Shinuwa jabu ne. Anta, Li-Ning da Xtep kamfanonin Sin ne da ke ƙera takalman gudu da sunansu, ƴan tsere na sawa a manyan gasanni. Su ma manyan sunayen da muke bauta wa, yawancin kayansu a Biyetnam da Indonesiya da Sin ake ɗinka su. Akwai Kalenji na kamfanin Decathlon na Faransa, wanda ya ɗauko sunansa daga ƙabilar Kalenjin ta Kenya mai fitar da gwanayen gudu. Mafi arahar samfurinsa bai kai yuro 20 ba, wato ƙasa da jikka 14. Suna da kanti a Abijan da Dakar. Ƴan Tawa da Maraɗi nawa ke ci-rani a Abijan? Maimakon a ce wa yaya ya taho da turare, a auna tsawon ƙafa da santimita a aika masa ta WhatsApp.

Wani zai ce araha ba ta ado, gara a daure a sayi mai tsada sau ɗaya a huta. In kana da hali kuma ka tabbata na gaskiya ne, saya, Allah ya ƙara buɗi. Amma a yi lissafi. Mai yin kilomita 10 sau biyar a sati, kilomita 50 ke nan. Cikin wata uku zuwa huɗu ya cinye ran takalmin, ko nawa ya saye shi. Babu "sau ɗaya a huta" a dogon gudu. Da jikka 18 ɗin da gwaggonmu ta ƙirga, ana iya samun bosho biyu masu rai, a riƙa musanya su yau wannan gobe wancan, har a sami canjin safa.

Kuma yadda muke riƙe takalmin ma na kashe shi da wuri. Da shi ake gudu da safe, da shi ake kabu-kabu da rana, da shi ake buga ƙwallo da yamma, ran Asabar a wanke a je biki. An wanke kuma sai a jefa shi bisa kwanon ɗaki ya bushe, a cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Zafin nan na busar da soso yana sake manni. Takalmin gudu a bar shi na gudu kawai, a shanya shi a inuwa. Inda hali ya yi a bi gefen hanya mai jar ƙasa maimakon kwalta, ya fi sauƙi ga gwiwa da takalmin duka, sai dai a kula da ƙarangiya da tsidau, a kula kuma da motoci, don da asuba direbobi ba sa ganin mai baƙaƙen kaya. Inda aka san bororo na fitowa a shafa man kaɗe kafin a sa safa. Sabon takalmi kuwa, ko na kanti ko na bosho, a fara da shi da gajeren gudu aƙalla sati biyu ko uku kafin ranar gwaji. Wannan kaɗai da an gaya wa ƙanenmu, da an tsira.

Iyayenmu masu ciwon suga, ku maganarku ta fi ta kowa nauyi. Ciwon nan yana rage jin ƙafa, mutum na iya yin rauni bai sani ba, kuma raunin ba ya saurin warkewa. Alhaji, Hajiya, kada a sa takalmin da ya matse ko kaɗan, a girgiza shi kafin a sa ko tsakuwa ta shiga, kuma kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko a sa jika ya duba. In an ga ɗan ciwo a je likita, kada a jira. Ku yara masu saya wa iyaye basket don su riƙa motsa jiki, ku tafi da su kasuwar su gwada da ƙafarsu.

Ƴan mata kuma sau da yawa da takalmin lakwal mai santsi suke shiga EPS, don a gida an ce kuɗin basket na ƴa mace ɓarna ne. Maki ɗaya ake ba su da maza a takardar sakamako. A duba wannan.

Ba mu ce duk ƴan kasuwa macuta ne ba. Akwai wanda in ka ce masa gudu za ka yi, zai karɓe na hannunka ya ce, "Wanga na ado ne, ɗauki wancan." Allah ya yi wa kasuwarsa albarka. Abin da muke roƙon sauran shi ne su sayar da jabu da sunan jabu. Mai son ado zai saya yana sane. Rantsuwar da ake yi wa yaro a kan orijinal, alhali mai rantsuwar ya san nawa ya saro shi, ita ce ba ta dace ba. Malaman EPS kuma, Mushe, minti biyar a farkon shekara sun isa a nuna wa ɗalibai yadda ake danna soso da auna faɗin yatsa.

Mu ma ƴan rediyo da laifinmu. Muna iya cinye awa guda muna gardamar Real Madrid da Barcelona, in lokacin kokawar takobi ya zo mu kwana a kai, amma guje-guje sai an tuna. Matasa nawa suka san cewa Abdou Manzo ya wakilci Nijar a gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Seoul a 1988? Ga yara nan cike da hanyoyi kowace asuba, ba mai gaya musu ko yadda za su zaɓi abin sawa a ƙafa.

Shi ƙanen namu farcen ya sake fitowa. Mun raka shi wajen masu bosho da la'asar, ya gwada ƙafa bakwai kafin ya tsaya a kan wani Mizuno mai ruwan toka, lamba 43, jikka 7 bayan dogon ciniki. A fada sun ce ba su taɓa jin sunan ba. Ya koma hanyar Ɗan Isa, yana jiran sanarwar konkur na gaba, gwaggonmu kuma ta shiga sabon zubin adashe. Ɓarin takalmin da Baba ya tsaga yana nan a wajenmu, ran Asabar za mu tafi da shi gidan rediyo, shi ma Baban ya yarda zai zo ya yi bayani da bakinsa, in mun biya masa kuɗin kabu-kabu.